Alhassan Ɗantata da Fataucin Goro da Gyaɗa: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya ji sunan Ɗantata, amma ba kowa ya san yadda aka yi cinikin da ya tara dukiyar ba. Amsoshin da ke ƙasa sun fi mayar da hankali kan aikin kansa: yadda ake ɗaure kaya, yadda ake ba da jari, da inda asara ke ɓullowa.

Wane ne Alhassan Ɗantata, kuma daga ina gidansu ya fito?

An haife shi a Bebeji a 1877, ya rasu a Kano ranar 17 ga Agusta 1955. Gidansu Agalawa ne, wato fataken da kakanninsu suka gangaro daga wajen Azbin suka zauna a ƙasar Katsina da ta Kano, suka zama Hausawa a harshe da al'ada, amma suka riƙe fatauci ya zama gadonsu. Kakansa, Baba Talatin, shi ya taso da iyali daga ƙasar Katsina zuwa Madobi. Mahaifinsa Abdullahi kuma ya koma Bebeji, garin da ke kan hanyar fatake masu nufar kudu da yamma. Saboda haka a cikin zuriya uku gidan ya sauya mazauni sau uku, kullum yana bin inda hanyar ciniki ta fi kyau, na ukun shi ne da Alhassan da kansa ya tare a birnin Kano.

Yana yaro mahaifinsa ya rasu. Mahaifiyarsa, wadda ake wa laƙabi da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce, ta tafi Akara ta bar yaran a hannun wata tsohuwa mai suna Tata, wadda daga gare ta sunan ya samo asali. Ya yi karatun allo, yana haɗawa da ƙananan sana'o'i don ya ci da kansa. A lokacin Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, an kama shi tare da 'yan'uwansa Bala da Sidi, sai da aka fanshe su. Wato dai dukiyar mahaifi ba ita ta ɗaga shi ba. Abin da ya gada shi ne suna a cikin fatake, da sanin hanya, da dangi a kowane zango.

Yaya fataucin goro zuwa Gwanja yake a lokacin da ya taso?

Goron da Hausawa ke so ba ya tsirowa a ƙasar Hausa. A dazuzzukan Asante yake, a ƙasar Gana ta yau, ana fito da shi zuwa kasuwannin da ke bakin daji, musamman Salga a ƙasar Gwanja. Manyan ƙungiyoyi uku ne suka riƙe wannan fatauci: Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari.

Ayari kan tashi bayan kaka, idan ruwa ya ɗauke kuma rafuka suka janye. Madugu ne shugaba, shi ke shirya hanya da biyan kuɗin fito da na wucewa a ƙasar kowane sarki, sannan ya raba nauyin a kan fatake gwargwadon yawan kayan kowa. Jagaba yana gaba yana duba hanya da masauki. Ana tashi da asuba a sauka kafin rana ta take, don jakuna su samu kiwo da ruwa. Ana ƙetare Kwara a wajen Yawuri ko Illo, a bi ta Bargu, Nikki da Jugu, a ratsa Sansanin Mango ko Yandi, a faɗa Salga. Zuwa kawai kan ci wata biyu zuwa uku, tafiya da dawowa kuwa daga rabin shekara zuwa shekara guda.

Ba da kuɗi tsaba ake tafiya ba, domin wuri yana da nauyi ƙwarai: keso ɗaya, wato wuri 20,000, kaya ne na mutum guda. Fatake kan ɗauki kanwa, da turkuɗi da sauran saƙi na Kano da Kura, da jemammun fatu, da gabu, da dabbobi, suna sayarwa suna saye a hanya. Idan aka isa, kowane falke yana da fatoma, mai masaukin da zai ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan za a ba da bashi, ya karɓi la'adarsa. Wannan tsari na mai gida da yaransa da fatomansa shi ne ginshiƙin duk abin da ya zo daga baya.

Ta yaya goro ke yin wata uku a hanya bai lalace ba?

A nan gwanintar falke take. Goro ɗanye ake cinsa, kuma abokan gabarsa uku ne: bushewa, ruɓewa da sankara.

Da farko ana tsince shi ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya fashe, ko ya ƙuje, ko aka ga ɗan hujin sankara a jikinsa, a ware shi a sayar nan kusa. Sannan a rarraba shi gida-gida: marsa manya, saran waga matsakaita, minu ƙanana, fari daban ja daban. Da ƙwarya ake lissafi, ƙwarya ɗaya goro 100. Sai a shimfiɗa ganyen fita a cikin kwando ko waga, a jera goron, a rufe da ganye, a ɗaure huhun tamau yadda iska ba za ta ratsa ba.

A hanya ana kwance huhu lokaci-lokaci, a sake tsincewa, a sauya ganyen da ya bushe, a ɗan yayyafa ruwa. Idan ruwan ya yi yawa goro ya yi zafi a ciki, ya yi baƙi ya ruɓe. Idan ya yi kaɗan, hunturu ya tsotse shi ya yanƙwane, ba mai ba shi kuɗin kirki. Sankara kuwa ƙwaro ne da ke yin ƙwai a cikin goron tun daga daji, kuma guda ɗaya da aka bari zai iya harbin huhu sukutum. Wanda ya iya ajiya har goronsa ya kai daushe, lokacin da sabo ya ƙare a kasuwa, shi ke cin riba mafi tsoka. Mutumin da ya koyi wannan ya riga ya koyi cewa ribar kayan gona tana ga ajiya da sanin lokacin sayarwa.

To me Ɗantata ya yi da sauran fatake ba su yi ba?

Ya bi ruwa. Tun bayan da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874, da yaƙin basasar da ya tarwatsa Salga a 1892, tsohuwar hanyar tudu ta fara rauni, goro ya soma gangarawa bakin teku. Zaman mahaifiyarsa a Akara ya sa ya san wannan ɓangare. Daga wajen 1906 ya riƙa ɗora kaya a jirgin ruwa tsakanin Akara, Sekondi da Legas, yana sayen goro daga wajen Kumasi, yana kuma kawo duwatsun wuya da yadudduka na Turai. Yana cikin 'yan Arewa na farko da suka yi haka.

Amfanin a fili yake. Tafiyar watanni ta koma ta makonni, goro ya iso da ɗanyensa, kuɗin fito na sarakunan hanya ya fita daga lissafi, kuma jari ɗaya ya juya sau da yawa a shekara maimakon sau ɗaya. Da dogo ya haɗa Legas da Kano, sai aka gama da ayarin jakuna zuwa Gwanja. Daga baya ma manoman ƙasar Yarabawa, a wajen Agege da Ota da Shagamu, suka dasa irin goron Gwanja, Hausawa suka kafa unguwannin Sabo suna saye a can.

Me ya sa gyaɗa ce ta ɓarke a 1912, ba auduga ba?

Turawan mulki auduga suka sa wa rai. Masaƙun Lankasha a Ingila na neman ta, kuma da wannan fata aka ja dogo har Kano, inda ya iso a 1911 aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Amma manomin Kano ya yi nasa lissafin. Masaƙan gida suna biyan auduga fiye da abin da Bature ke tayawa, ga ta da cin aiki, ga gajiyar da ƙasa. Gyaɗa kuwa tana son jigawa, irin ƙasar da ta cika arewacin Kano. Ana shuka ta a tsakanin gero, tana gyara gona, harawarta abincin dabbobi ce, kuma idan shekara ta ɓaci ana iya cin ta. A Turai kuma masana'antun man shafa wa burodi da na sabulu sun shiga neman man tsirrai ido rufe. Ga haraji da aka koma karɓa da kuɗin Bature.

Abin ya zo da gudu. Gyaɗar da Najeriya ta fitar a 1912 ba ta wuce tan 2,500 da 'yan kai ba, a 1913 ta haura tan 19,000, a 1916 ta kai tan 50,000. A tsakiyar wannan aka yi yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, saboda ƙarancin ruwan sama.

Me ya hana kamfanonin Turawa su sayi gyaɗar da kansu?

Ba su san ƙauye ba, ba su jin harshe sosai, kuma ba a bar su sun bazu ko'ina ba. Kantunansu suna kusa da tasha, a wajen ganuwa. Gyaɗa kuwa a warwatse take, wannan gida tiya goma, wancan buhu biyu. Tilas sai da wanda ke da mutane. Shi ya sa suka bi ta hannun Sarkin Kano Abbas da Adamu Jakada suka nemi attajiran goro. Umaru Sharubutu da Maikano Agogo suna cikin waɗanda suka fara karɓa.

Ɗantata bai shiga a sahun farko ba. A 1918 ne Niger Company ta neme shi, amma cikin 'yan shekaru ya wuce kowa, har zuwa 1922 ana lissafa shi a matsayin attajirin da ya fi kowa a Kano. Lever Brothers sun sayi Niger Company a 1920, a 1929 aka haɗe ta da wani kamfanin aka samu United Africa Company, wato UAC, shi kuma ya zama babban mai kawo mata gyaɗa.

Yaya cinikin kaka ɗaya yake tafiya, daga farko zuwa ƙarshe?

Ana shuka da faɗuwar damina, a cire a watan Satumba ko Oktoba, a shanya, a tsige, a ɓare. Tsaba ake saye, ba mai ɓawo ba, domin ɓawon ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na nauyi, kuma ba mai biyan kuɗin jirgi na tafiyar mil 700 a kan ɓawo.

Kafin a buɗe ciniki kamfani zai ba attajiri kuɗin kafin alƙalami, a yi yarjejeniya kan tan nawa zai kawo. Shi kuma ya haɗa da nasa jarin ya rarraba wa manyan yaransa, kowa da yankinsa. Waɗannan su sake rarrabawa ga ƙananan masu saye da ke zama a kasuwannin ƙauye da bakin hanya. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: tun da damina ake kai wa manomi da mai gari gishiri da yadi da ɗan kuɗin biyan haraji, don idan kaka ta yi kada gyaɗar ta tafi hannun wani. Har maroƙa da makaɗa an yi amfani da su wajen yayata farashi a kasuwanni.

A ƙauye da mudu ko tiya ake awo. A wurin sikeli kuma da nauyi ake karɓa, a ɗura a buhun algarara, buhu 13 tan guda. Ribar ƙaramin mai saye tana tsakanin awon mudu da awon sikeli, ta attajiri kuma tana ga la'adar kowane tan da kuma abin da ya rage bayan kuɗin dako. Jakuna da raƙuma ne ke kawowa tasha, ciki har da gyaɗar Damagaram da Maraɗi, wadda ta daɗe tana bin dogon Kano kafin ta kai teku. Da aka kai dogo Kauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930, motoci kuma suka yawaita, sai wuraren saye suka bazu.

Duk wannan kuɗi yana yawo ne ba takarda tsakanin mai gida da yaronsa. Abin da ke riƙe shi shi ne yaron a gidan ya tashi, mai gida ya yi masa aure, ya ba shi ɗaki, kuma idan ya ci amana ba wani attajiri a Kano da zai sake ba shi ko sisi. A ganinmu nan ne Ɗantata ya fi sauran: yawan amintattun mutanen da yake iya saka wa kuɗi a hannu ya kwana da daɗi.

Ina asara ke shigowa?

Ta ƙofofi da yawa, kuma kowacce da dalilinta.

Danshi ne na farko. Gyaɗar da aka ɗura ba ta gama bushewa ba tana da nauyi a sikelin ƙauye, ta rage kafin ta iso Kano, mai saye ya biya kuɗin nauyin ruwa. Idan ta daɗe a buhu kuma sai ta yi fumfuna. Ƙa'idar ajiya ita ce danshin tsaba kada ya wuce kashi 7 zuwa 8 cikin 100. Gogaggen mai saye yakan damƙi tsaba ya girgiza a tafin hannu ya ji ƙararta, ya murza ya ga ko jan bayan yana saɓulewa, ya ciza ya ji ta fashe ƙaras.

Sai algus: yashi da tsakuwa da ɓawo a ƙasan buhu. Maganinsa a zazzage a tankaɗe a gaban mai kaya. Sai kuma karyewa. Shekaru da yawa a turmi mata ke ɓarzar gyaɗa, taɓarya na farfasa tsabar. Tsabar da ta fashe tana saurin yin maƙaƙi domin iska ta samu man da ke ciki, ƙwari kuma sun fi shigarta, sai masana'anta ta rage mata daraja. A shekarun 1950 aka yaɗa injin ɓarza na hannu, aka kuma ƙara kuɗi a kan gyaɗar da yawancinta ba ta karye ba.

Mafi muni shi ne farashi ya faɗi bayan an riga an raba jari. Attajiri ya saya da tsada a ƙauye, kafin kaya su iso waya ta zo daga Ingila cewa kasuwa ta karye. Haka ta faru bayan 1920, ta kuma maimaitu a farkon shekarun 1930, lokacin da tan guda ya sauko wajen fam 3 a Kano. Masu aiki da kuɗin kamfani zalla da yawa sun durƙushe. Wanda ke da nasa jarin, da goro da shanu da yadi a gefe, shi ya iya jira.

Da gaske ne ya kai kuɗi banki a kan raƙuma?

Labarin da ya shahara shi ne a 1929 ya kai wa Bank of British West Africa, wanda ya zama First Bank a yau, kuɗin azurfa kayan raƙuma 20 a reshensa na Kano, kuma bai karɓi kuɗin ruwa a kai ba saboda addini. Dalilin tara azurfa haka ba ɓoyayye ba ne. Manomi ba ya yarda da kuɗin takarda, gara na iya cinye ta, gobara na iya lashe ta. Sule da dala yake so, waɗanda zai iya binnewa a tukunya. Don haka duk mai sayen gyaɗa da yawa dole ya tanadi tsabar ƙarfe buhu-buhu kafin kaka.

A farkon shekarun 1920 kuma ya je aikin Hajji ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila, a zamanin da yawancin alhazai ke takawa ta Barno da Sudan su shekara a hanya.

Me ya kawo dalar gyaɗa, kuma yaya ake gina ta?

Dala alama ce ta arziki, amma asalinta matsala ce ta sufuri. Gyaɗa na shigowa cikin wata huɗu ko biyar, dogo kuwa layi ɗaya ne, taragu da kawunan jirgi ba su isa ba, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Sito ya cika, sai a tara a fili, har gyaɗar bara ta tarar da ta bana. Ana danganta fara wannan salon jeri da Ɗantata, kuma babbar dala kan ɗauki buhu wajen 15,000, wato fiye da tan 1,100.

Ana fara ɗaga daɓe don ruwa da gara kada su taɓa buhun ƙasa. A jera sahun farko murabba'i, sahu na biyu a gicciye shi a kan na farko don buhuna su kama juna, kowane sahu a ɗan ja shi ciki. Wannan jan ciki shi ke zama matakalar da 'yan dako ke hawa da buhu mai nauyin fiye da kilo 75 a ka. Kafin damina a lulluɓe da tamfol, gangaren ya zubar da ruwa. Idan aka yi sakaci a jerin kusurwa dala takan buɗe ta zube. Idan tamfol ya yage ruwa ya shiga, zuciyar dalar ta yi zafi ta ruɓe ba a sani ba sai ranar kwashewa. Ƙwarin hatsi ma sun yi ɓarna sosai, har aka koma turara magani a ƙarƙashin tamfol.

Su wa ya yi gogayya da su?

Ban da attajiran gida, akwai Kwarori, wato 'yan Labanan da Sham, waɗanda suka zauna a Fagge ta Kudu suka shiga gyaɗa da yadi da motocin dako. Akwai kuma Saul Raccah, mutumin Tarabulus ta Libiya, wanda a shekarun 1930 ya riƙa fitar da gyaɗa Turai da kansa yana ƙara wa manoma kuɗi, ya dagula yarjejeniyar da manyan kamfanoni irin su UAC da John Holt suka ƙulla ta tsayar da farashi ɗaya. Kada a manta da matan gida masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa: duk ranar da kamfani ya karya farashi da yawa, gyaɗa takan tsaya a hannunsu.

Me ya canja da gwamnati ta karɓe cinikin?

A lokacin yaƙi, daga 1942, gwamnatin Ingila ta zama ita kaɗai ke sayen gyaɗar da za a fitar. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta Najeriya, a 1954 aikin ya koma hannun hukumar Jihar Arewa. Tun daga nan ana shelar farashi kafin kaka, ba ya motsi har a rufe, kuma sai mai lasisi ke sayarwa hukuma. Haɗarin karyewar kasuwa ya ragu, ribar mai saye ta koma la'ada da iya tattalin kuɗin dako. Lasisi na bukatar jari da sito da buhuna, abin da ya sa kamfanonin waje suka daɗe suna riƙe da shi kafin gidaje irin na Ɗantata su karɓi babban rabo.

Manomi ya amfana kuwa?

Ya samu kuɗin haraji da na sutura da na aure ba tare da ya sayar da hatsinsa ba, wannan gaskiya ne. Amma shi ne a ƙarshen igiya. Wanda ya karɓi bashi da damina ba shi da bakin ciniki da kaka, awon mudu na iya cutarsa, kuma hukumar ciniki ta shekara da shekaru tana biyansa ƙasa da farashin duniya tana ajiye rarar. Da wannan rara aka yi ayyuka da dama a Arewa, kuma ya kamata a riƙa faɗin cewa gumin manomin gyaɗa ne.

Me ya faru da gidan da kuma cinikin bayan rasuwarsa?

Kafin ya rasu ya yi wa 'ya'yansa wasiyya kada su wargaza harkar, aka ci gaba da sunan Alhassan Dantata and Sons. An binne shi a gidansa na Sarari. Ahmadu, Sanusi da Aminu su suka fi fice a cikin 'ya'yan, suka faɗaɗa zuwa sufuri da gine-gine da masana'antu. Aliko Ɗangote jikan Sanusi ne ta wajen mahaifiyarsa. Aminu ya rasu a watan Yuni 2025, aka binne shi a Madina.

Gyaɗa ta kai ƙololuwa a tsakiyar shekarun 1960, lokacin da Najeriya ke kan gaba a duniya wajen fitar da ita. Daga nan farin 1972 zuwa 1974 ya zo, a 1975 kuma kuturtar gyaɗa, wadda ƙwaron darɓa ke yaɗawa, ta cinye gonaki. Kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, manoma da yawa suka koma wake da gero, abin da ake nomawa kuma masana'antun mai na cikin gida suka riƙa shanye shi. A 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona gaba ɗaya.